Yaron da ya kwance fanka don ya ga abin da ke juya ta

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a unguwar Mabera cikin garin Sakkwato, ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma Allah ya ba mu 'ya'ya uku, dukansu maza. Babban shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare, mai bi masa 9, autan 5. Maigidan fataucin albasa yake yi, yakan yi mako biyu ko uku a kudu kafin ya dawo. Tun bara babban ya kamu da karatun ƙagaggun labaran kimiyya a wayata, labaran kumbo da duniyoyin sama da injuna masu magana, har nakan farka cikin dare in same shi ya lulluɓa da zane yana karatu. Haddarsa ta Islamiyya ta ja baya. A watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, ya kwance fankar ɗakinmu wai yana son ganin abin da ke juya ta, ya kuma kasa mayar da ita. Babansu ya dawo ya zane shi, ya haramta masa taɓa waya. Baffansu ya ce waɗannan labarai ƙarya ce ta Turawa mai ɓata aƙida, a raba shi da su. Yau wata biyu ke nan ba ya magana a gida sai an tambaye shi. Ni cikin mata zalla na tashi, ban san kan rainon namiji ba. Don Allah waɗanne littattafai zan karanta a kan tarbiyyar 'ya'ya maza? Kuma shin in raba shi da wannan karatu ne, ko akwai waɗanda suka dace in nema masa?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne tun daga farkonta har ƙarshenta ba ki kira yaron nan ɗanki ba ko sau ɗaya, sai dai "babban". Na san dalili, domin ni ma a gidan da ake wannan alkunya na tashi, inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ba na raina wannan ɗabi'a. Sai dai ki tuna cewa a zamanin iyayenmu ɗan fari ba ya rasa wanda zai jingina da shi, saboda kaka da goggo suna cikin gida ɗaya, a ɗakinsu yake kwana, su yake kai wa ƙara idan an taɓa shi. Ke kuwa gidanku ku biyar ne, maigida rabin wata yana hanya, kuma idan ke ma kin kau da kai saboda kara, babu wanda ya rage masa sai waya. Saboda haka ki riƙe wannan a zuciya yayin da muke maganar littattafai: duk wanda zan ambata, amfaninsa shi ne ya zama dalilin da zai sa ki zauna da yaron nan ku yi magana.

Zan fara da tambayarki ta biyu, domin ita ce ta fi gaggawa. Kada ki raba shi da karatun. Ke malamar makaranta ce, kin fi ni sanin wahalar da ake sha kafin a sa yaro namiji ɗan shekara 13 ya gama shafi biyu da son ransa. Wanda ya kai matsayin da yake satar karatu cikin dare ya riga ya tsallake gulbin da takwarorinsa da yawa ba su ma kai bakinsa ba.

Maganar baffansa cewa labaran ƙarya ne tana buƙatar amsa cikin ladabi, kuma amsar tana nan cikin zaurukanmu na ilimi. Malaman garin nan sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri, alhali Abu Zaidin Assaruji da ake ba da labarin dabarunsa a ciki mutum ne da marubucin ya ƙaga, kuma shi kansa Hariri a gabatarwar littafin ya kare aikinsa da cewa tamkar tatsuniyoyin da ake sa wa dabbobi magana ne don a ɗauki darasi. Abin da ake kira ƙarya shi ne a gaya wa mutum abu don ya ɗauka ya faru alhali bai faru ba. Labarin da mai bayarwa da mai saurare duk suka san ƙagagge ne yana wani babi daban, in ba haka ba da babu wanda ya bar Magana Jari Ce ta shiga gidansa. Kuma ki lura da abin da wancan littafi na Abubakar Imam ya ginu a kansa: yaro ne ɗan sarki, Musa, jininsa na tafasa yana son fita ya bi mayaƙa, aka rasa abin da zai riƙe shi a gida sai aku mai ba da labari. Iyayenmu sun san cewa labari yana riƙe yaro inda bulala ta kasa.

Batun cewa duban sama da binciken halitta abin Turawa ne, shi ma tarihin Sakkwato bai goyi bayansa ba. Baturen nan Kilafatin (Clapperton) da ya zo garin nan a 1824 ya rubuta cewa da ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar taurari, sai ya tarar Sarkin ya san buruji duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya dawo karo na biyu ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, Bello ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar littafin, gobara ce ta cinye shi. Har yau kuma daga garin nan ake sanar da ƙasa baki ɗaya ganin watan azumi da na salla. Yaron da ya ɗaga kai yana tambayar yadda wata ke tafiya bai fita daga gadon gidansu ba.

Amma baffansa yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma zai zama rashin amana in ɓoye miki. Da yawa daga manyan marubutan wannan fanni ba su yi imani da Allah ba, wasu littattafan kuma an rubuta su ne don manya, da batsa da ashar da kisa a cikinsu. Haɗarin da ya fi wannan girma shi ne wayar kanta, domin yaron da ke neman labarin kumbo a intanet da ƙarfe ɗayan dare taku ɗaya ne tsakaninsa da abin da ba kya fatan idonsa ya gani, ga kuma barcin da yake asara, wanda ina kyautata zaton shi ne ya ci haddar. Don haka hukuncin babansa na hana waya ki bar shi yadda yake, kada ki karya shi a ɓoye. Abin da za ki yi shi ne ki maye gurbin wayar da takarda, wadda kowa a gida zai iya ɗauka ya ga abin da ke ciki.

Littafin farko da zan so ki nema masa na Hausa ne: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata. Labarin yaro ne mai suna Kilba wanda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya tafi da shi sararin samaniya. Ƙarami ne, zai gama shi cikin yini biyu, amma zai yi muku aiki biyu. Zai nuna wa yaron cewa harshensa ma yana iya zuwa sama, zai kuma nuna wa baffansa cewa Bahaushe Musulmi ya rubuta irin wannan fiye da shekara 50 da suka wuce, kamfanin buga littattafai na Zariya ya buga, an karanta shi a makarantu. Ki haɗa masa da Ikon Allah, wanda Abubakar Imam da Dakta East suka rubuta don bayyana abubuwan halitta da Hausa. Wannan ba ƙagagge ba ne, kuma sunansa kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin mai tsoron a rasa aƙida. Masu sayar da tsofaffin littattafan makaranta su ne wurin tambaya, kuma sai kin yi haƙuri, domin ba kullum ake samu ba.

Daga nan sai Jules Verne, Bafaranshen da ya rasu a 1905. Littattafansa sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, ana samun fassararsu ta Turanci kyauta a rumbun Project Gutenberg, kina iya saukewa ki kai shagon kwamfuta a buga miki a ɗinke. Akwai kuma gajerun bugu masu sauƙin Turanci da aka yi don ɗalibai, waɗanda suka fi dacewa da ɗan aji biyu, domin Verne mutum ne mai son jera sunayen kifaye shafi guda ba gajiya. Ki fara masa da Journey to the Centre of the Earth na 1864, inda wani farfesa da ɗan ɗan'uwansa suka shiga ramin dutse mai aman wuta a ƙasar Aisilan suka tarar da teku a ƙarƙashin ƙasa, da dodannin ruwa suna faɗa. Idan ya gama, ki gaya masa abin da zai sa ya buɗe baki: a ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwan wani irin ƙaton ƙadangaren teku, wanda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a farkon shekarun 1970, kuma a ƙiyasin masana duwatsu yankin nan namu teku ne ya rufe shi fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ragowar wancan teku ce. Babansa yana bi ta waɗannan wurare neman albasa, bai san yana taka makwancin dodo ba.

From the Earth to the Moon na 1865 kuwa ya dace da wani wasa da nake so ki koya masa, wato ya riƙa ware abin da marubuci ya canka daidai da abin da ya kuskure. Verne ya sa mutum uku cikin kumbo ya harba su daga Fulorida, kuma bayan shekara 104 mutum uku ne suka tashi daga Fulorida zuwa wata. Amma shi da ƙatuwar igwa ya harba nasa, abin da in da gaske ne ƙarfin fizgar zai niƙe su tun ba su fita bakin igwar ba. Yaron da ya saba tambayar littafi "wannan zai yiwu kuwa?" ya sami rigakafin da ya fi kowane hani, domin gobe da wannan tambayar zai tari duk abin da ya karanta, har da wanda ya taɓa addininsa. Littafin Verne ɗaya ne zan ce kada ya karanta shi kaɗai, Five Weeks in a Balloon, wanda ya ratsa Afirka ta saman Tafkin Chadi har Timbuktu, saboda yadda ya siffanta baƙar fata cike yake da rainin da Turawan 1863 ke yi mana.

Na H. G. Wells, The War of the Worlds na 1898 ya yi, kuma shi ne littafin da Robert Goddard ya karanta yana ɗan shekara 16, mutumin da ya harba roka ta farko mai aiki da ruwan mai a 1926. The Time Machine ki jinkirta shi, domin ya ginu ne a kan ra'ayin rikiɗar halitta, kuma gara ya same shi lokacin da yake da malamin da zai tattauna da shi. I, Robot na Isaac Asimov, wanda ya fito a 1950, gajerun labarai ne masu tsabta game da mutum-mutumin inji da aka ɗora wa dokoki uku: kada ya cutar da ɗan Adam, ya bi umarni matuƙar umarnin bai kai ga cutar da ɗan Adam ba, ya kare kansa matuƙar hakan bai saɓa wa biyun farko ba. Kowane labari wuyar warwarewa ce a kan inda dokokin suka ci karo. Ki tambaye shi ko ya ga kamar doka ta biyu da abin da aka koya masa a Islamiyya, cewa babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, ki ji abin da zai ce.

Akwai The Martian na Andy Weir, labarin mutumin da aka bari shi kaɗai a duniyar Mirriku (Mars) ya rayu da lissafi da noman dankali, amma ainihin bugun cike yake da ashar tun daga layin farko, sai dai ki nemi bugun da aka tace don makarantu. Zahrah the Windseeker na Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, an rubuta shi don sa'o'insa, sai dai ba duk littattafanta ne na yara ba, wasu kuma sun karkata ga tsafi, don haka kada ki saya da sunan marubuciya kawai. Dune na Frank Herbert zai ji labarinsa wurin abokai saboda fim ɗinsa. Ya bari sai ya kai ƙarshen sakandare, domin littafin ya ari kalmomi irin su Mahadi da jihadi ya juya su yadda ya ga dama, kuma ɗan Sakkwato ya kamata ya fara sanin ma'anarsu ta gaskiya.

In kuwa kuɗin littafi ɗaya kawai gare ki, to ki sayi wanda ba ƙagagge ba: The Boy Who Harnessed the Wind na William Kamkwamba, a bugun da aka yi don yara. Yaro ne ɗan ƙauye a Malawi wanda yunwar 2001 zuwa 2002 ta sa iyayensa suka kasa biyan kuɗin makaranta, ya koma ɗan ƙaramin ɗakin karatu na garinsu, ya ga hoton injin iska a wani littafi, ya haɗa nasa da tarkacen keke da fankar tarakta da itatuwa, ya kunna ƙwan lantarki a ɗakinsu yana ɗan shekara 14. Kafin ƙwan ya kama, mutanen garin mahaukaci suke kiransa. Ɗanki zai ga kansa a ciki ba tare da kin ce masa komai ba.

Yanzu sai naki karatun. Ki fara da abin da ke cikin ɗakinki, ayoyi na 13 zuwa 19 na Suratu Luƙman, ki karanta su da tafsiri, ki lura cewa uban nan sau uku yana kiran ɗansa da kira na tausasawa, kuma abin da ya nema a wurinsa ya haɗa da tauhidi da salla da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna da haƙuri da rage girman kai da sassauta murya. Sannan ki nemi Tarbiyatul Aulad fil Islam na Abdullahi Nasih Ulwan, malamin birnin Halab na Siriya da ya rasu a 1987. Akwai shi da Larabci, akwai fassarar Turanci. Babba ne, kada ki ce sai kin karanta shi daga bango zuwa bango. Ki tafi kai tsaye babin da ya jera hanyoyin tarbiyya biyar, wato koyi da iyaye, sabo, wa'azi, sa ido, sai horo a ƙarshe, ki ga sharuɗɗan da ya gindaya kafin a ɗaga hannu a kan yaro.

Abin da ya fi kowanne dacewa da halin da kuke ciki ɗan gajeren fasali ne a cikin Ihya'u na Imam Gazali, a littafin horar da rai, inda ya yi magana kan tarbiyyar yara. Ya ce idan yaro ya yi laifi karo na farko, musamman in yana ƙoƙarin ɓoyewa, a kau da kai kada a tona shi, in ya maimaita a yi masa faɗa a asirce, kuma kada a yawaita zargi domin yawansa yana sa yaro ya daina jin zafinsa. Ya kuma ce a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, saboda hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dushe masa basira. Ibn Haldun a Muƙaddima ya ƙara da cewa tsananta wa yaro yana koya masa ƙarya da munafunci, saboda tsoron hannu yana sa ya nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Shirun wata biyu da kike gani farkon wannan hanya ce. Tuhfatul Maudud na Ibnul Ƙayyim yawancinsa hukunce-hukuncen jariri ne, suna da yanka da kaciya, amma a ciki ne ya faɗi maganar da ba ta yi wa iyaye daɗin ji, cewa mafi yawan lalacewar 'ya'ya daga sakacin iyayensu take.

Na Turawa biyu sun isa. Raising Boys na Steve Biddulph, wanda ya fito a Ostiraliya a 1997, ya kasa rayuwar yaro kashi uku: daga haihuwa zuwa shekara 6 na uwa ne, daga 6 zuwa 14 idonsa na kan uba yana koyon zama namiji, daga 14 kuma yana buƙatar wasu dattawa amintattu bayan iyayensa. Wannan rabo ya yi daidai da abin da na gani a rainon nawa mazan, kuma ya nuna miki cewa yaranki uku kowanne yana tsaye a bakin wata ƙofa daban. Ki ɗauki wannan, ki bar abin da ya faɗa kan samartaka irin ta ƙasarsu, kuma kada ki riƙe duk bayaninsa na sinadaran jiki tamkar yankan wuƙa, domin masana sun yi jayayya da wasu. Na biyun shi ne How to Talk So Kids Will Listen and Listen So Kids Will Talk na Adele Faber da Elaine Mazlish, na 1980, mai sauƙin Turanci da zane-zane. Darasinsa ɗaya ya biya kuɗinsa: ki faɗi abin da kika gani maimakon ki faɗi abin da yaron yake. Tsakanin "kai dai mai ɓarna ne" da "fanka ta lalace, ga zafi, yaya za mu yi?" akwai tazarar da ta kai tsakanin rufe ƙofa da buɗe ta. Ni kaina sai da na yaga wa ɗana na biyu littafin zane-zanensa a gaban ƙannensa, ya yi shekara bai sake nuna mini abin da ya zana ba, kafin na koyi wannan.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba in maigida yana waje da shi, kuma a nan sai kin yi dabara. Kada ki miƙa masa littafin Bature a kan yadda zai raini ɗansa, kuma kada ki ɗauko maganar ranar da ya sauka daga mota. Ki bari ya huta, ya ci, sannan ki ba shi labarin da na san zai saurara. Jelani Aliyu ɗan gidan Sakkwato ne, a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta garin nan ya yi sakandare, ya yi kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, gwamnatin jiha ta tura shi birnin Ditroit ya karanta zanen mota, kamfanin General Motors ya ɗauke shi, shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, daga baya a 2017 aka ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Ya sha faɗa a hirarraki cewa son irin waɗannan labarai na kimiyya tun yana yaro yana cikin abin da ya buɗe masa ido. Ba ina yi miki alkawarin ɗanki zai zama shi ba ne, amma ɗan kasuwa yana gane jari idan an nuna masa. Ki kuma tuna masa, a matsayin tunatarwa tsakanin mata da miji, cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ba. Abin da za ki roƙa a wurinsa kaɗan ne: in hutu ya zo ya ɗauki yaron zuwa gonakin da yake sarin albasa, ko sau ɗaya, ya bar masa riƙon littafin lissafin buhuna.

Shi ma baffan kada a mai da shi abokin gaba, domin shekara mai zuwa yaron zai shiga lokacin da zai fi jin maganar baffa da kawu fiye da taku. Ki sa yaron ya kai masa tambaya irin wadda malami ke jin daɗinta. Tashar da ke shawagi a sama tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, wanda ke cikinta yana ganin fitowar rana sau 16 a yini, to yaya zai yi salla, ina alƙiblarsa, yaushe zai sha ruwa? Wannan ya faru da gaske a 2007, lokacin da wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya tafi can a ƙarshen watan azumi, malaman ƙasarsu suka zauna suka rubuta masa jagora, suka ce ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Idan baffa ya ga cewa labarin kumbo ne ya kawo yaro gabansa da tambayar fiƙihu, ina ganin zai sassauta.

A cikin gida ki kafa tsari wanda kowa ya sani: hadda bayan asuba, aikin makaranta da aikin gida kafin magariba, littafi bayan isha'i zuwa lokacin da kika yanka, kuma a tsakar gida inda kowa yake. Idan ya yi laifi ki hore shi da wani abu daban, kada ki riƙa ƙwace littafi. Ki ba shi aikin karanta wa ƙannensa babi ɗaya kowane dare yana fassara musu da Hausa, ke kuma kina gefe da aikin hannunki kamar ba saurare kike ba. Wannan ya dace da alkunyarki, domin ba sai kin kalle shi ido cikin ido ba, kuma ta bakin ƙannensa za ki riƙa jefa tambaya. Daren da aka ɗauke wuta ku nuna musu Zara kusa da wata, da Kaza da 'Ya'yanta in lokacinta ne, ku bar shi ya gaya muku abin da littattafansa ke kiransu. Idan kuwa bayan duk wannan shirun ya ci gaba, ko kika ga ya rage cin abinci, ko barcinsa ya rikice, ko ya janye daga abokansa, to a kai shi wurin likita, kada a tsaya jiran littafi.

Fankar kuma, in har tarkacenta suna nan, kada a zubar, kada kuma a kai gyara a bayan idonsa. Ki zuba su a buhu, ki nemi izinin babansa, ranar Asabar ki haɗa shi da mai bi masa su kai wa mai gyaran fanka na unguwarku wanda kuka amince da shi. Ki aika wa mai gyaran cewa za ki biya kuɗin aikinsa cikakke, da sharaɗin yaron ne zai riƙe sukundireba, a nuna masa naɗin wayar tagulla da ke ciki da abin da ya sa take juyawa idan wuta ta shiga, kuma shi zai ɗaure ƙusa ta ƙarshe.